Shiggar da ba sunanka a Ejar ba taka ba ce

Tambayar ta fito ne daga wani ƙanenmu da ya samu aiki a Jidda wata huɗu da suka wuce. Igamarsa, wato katin izinin zama a Saudiyya, ta fito, yana kwana a masaukin ma'aikata, yanzu kuma yana so ya ɗauko matarsa da 'ya'yansa biyu daga Kano. Wani ɗan garinsu ya ce zai sakar masa shiggar da yake ciki, wato sashen haya a cikin bene, da araha, ya riƙa miƙa masa kuɗin hannu da hannu, ba sai an je ofis ba. Yana so ya san ko ya karɓa, in bai karɓa ba ta ina zai fara nema, kuma ko baƙo irinsa zai iya sayen gida nan gaba.

Ƙanena, Allah ya sanya albarka a aikin, ya kawo iyali lafiya. Kada ka karɓi shiggar nan a yadda aka kawo maka ita. Ban ce ɗan garinku mugu ba ne, wataƙila taimakonka yake nufi da zuciya ɗaya. Amma na shekara da shekaru ina nema wa ma'aikatan wurinmu masauki a garin nan, kuma mafi yawan kukan da na gani a kan haya daga irin wannan taimakon ya faro.

A da can, takardar haya a kantin littattafai ake sayenta, a cike da biro, kowa ya sa hannu, a kawo shaidu biyu. Wannan zamanin ya wuce tun 2018 da gwamnati ta wajabta rajistar hayar gidajen zama a Ejar, tsarin haya na intanet. Yadda abin yake: dillali mai lasisi zai shigar da bayanan gidan, tsarin ya tabbatar da sak ɗin mai gida, wato takardar mallaka, a sa lambar igamarka, sannan saƙo ya shigo wayarka da wayar mai gida kowa ya amince. Daga nan yarjejeniyar ta zama abin da suke kira sanad tanfizi. Ma'anarsa, in rikici ya tashi ba sai an yi doguwar shari'a ana neman shaida ba, kotun zartarwa ake nufa kai tsaye da takardar. Wannan wuƙa ce mai kaifi biyu, ka sani tun yanzu. In ka ƙi biya, da ita mai gida zai kai ka. In shi ya tashi korarka kafin wa'adi ko ya ƙara kuɗi a tsakiyar shekara, da ita za ka tsaya. Wanda kuwa ba shi da ita, a idon hukuma baƙo ne kawai da ya kwana a gidan wani.

Akwai wani yaro da muka yi aiki tare, mai hankali, ba ya wasa da kuɗinsa. Ya karɓi shigga a hannun wani ɗan'uwa kamar yadda ake so ka yi, ya ba shi kuɗin wata shida cif. Ashe wancan yana da bashin hayar baya a kansa bai faɗa ba. Bayan wata biyu ya yi fitar ƙarshe ya koma gida. Mai gida ya zo da takardarsa, sunan da ke ciki ba na yaron nan ba ne, kuma shi bai ga ko riyal ɗaya daga wata shidan ba. Na je na roƙe shi da kaina, ya yi mana kara ya ba da 'yan kwanaki, amma ƙarshenta da mace mai ciki aka kwashe kaya a tsakiyar zafi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin a gabana aka ƙulla maganar, na ji kunyar in ce a'a don kada a ce na raba zumunci.

In shiggar ta yi maka, akwai hanyar da ba za a ɓata da kowa ba. Ka ce wa ɗan garinku ku je wurin mai gida tare, a rufe yarjejeniyarsa a Ejar, a buɗe sabuwa da sunanka. In yana da kaya a ciki, mukayyif ne, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko kabad ɗin kicin, ku yi cinikinsu daban ka biya shi. Mai gaskiya ba zai ƙi wannan ba. In ka ji ya fara cewa mai gidan ba ya gari, ko ai tsakaninmu ba sai da takarda ba, to akwai abin da bai gaya maka ba.

Maganar miƙa kuɗi a hannu ma ta tashi. Tun Janairun 2024 kuɗin hayar gidan zama ta cikin Ejar ake biyansa, da katin banki na mada ko ta tsarin biyan kuɗi na SADAD, lambar mai karɓa 153. Ko mai gidan da kansa ya ce ka tura masa a asusunsa ko ka ba haris, wato mai gadin ginin, ya kai masa, ka ba shi haƙuri. Kuɗin da bai bi ta tsarin ba, tsarin zai ci gaba da nuna ana binka shi, kuma ranar da zuciyoyi suka canza abin da na'ura ta nuna shi za a duba.

Kafin ka fara yawon ganin gidaje, zauna da biro da takarda. Abin da ke karya sababbin zuwa ba hayar ba ce ita kaɗai. Kowane mutum da ke ƙarƙashin igamarka ana biya masa riyal 400 a wata. Mata da yara biyu 1,200 ke nan, a shekara 14,400, tun ba a yi maganar makaranta da cefane ba. Ka tambayi wurin aikinka ko su ke ɗaukar wannan, da inshorar lafiyar iyali, da kuma nawa ne alawus ɗin gidanka, ko suna ba da shi a dunƙule ko a cikin albashi. Wannan yana da muhimmanci saboda masu gidaje da yawa har yanzu sun fi son biya biyu, wata shida shida, duk da tsarin ya yarda da na wata uku har da na wata-wata. Sannan yawancin shiggogin da ake bayarwa fanko ne: ba mukayyif, ba kabad a kicin, wani lokacin ko na'urar ɗumama ruwa babu. A Jidda kuwa mukayyif ba ƙawa ba ne. Zafi da gumin bakin teku ba sa barin yaro ya yi barci da fanka. Wuta ana sayar da ita halala 18 kowane kilowat har zuwa 6,000 a wata (halala 100 ce riyal ɗaya), abin da ya haura halala 30, sannan a ɗora harajin kashi 15. Tsohon mukayyif na taga yana shan wuta fiye da na bango, don haka shiggar da ta fi tsada kaɗan amma da sababbin na'urori a ciki tana iya fin mai araha sauƙi in shekara ta zagayo. Ni ina ba mutane shawara kada haya ta wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage bayan an cire kuɗin iyali, ba na albashin gaba ɗaya ba. Kuma ka tuna akwai na gida da ke jiran saƙo.

Sai unguwa. In ka tambayi dattawan da suka bar garin nan shekara goma da suka wuce, za su lissafo maka Karantina, Sabil, Gulel, Kandara, Hindawiyya, Bitrumin, inda Hausawa suka yi zaman shekaru, inda za ka ji ƙanshin tsire da yamma ka ɗauka a Fagge kake. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe yawancin waɗannan wurare a aikin kawar da unguwannin da ba su da tsari. An wayi gari an rubuta ikhla, wato a tashi, da jan fenti a bango, mutane suka watse, haya ta tashi a sauran unguwanni saboda kowa na neman inda zai sa kansa. Ɗan haya baƙo ba shi da diyya, nasa shi ne ya kwashe kaya. Abin da ya shafe ka a nan shi ne: in aka nuna maka tsohon gidan sha'abi, irin ginin gargajiya, a lungu mai ƙunci da farashin da ya yi daɗi da yawa, ka bincika matsayin unguwar a wurin baladiyya, wato hukumar birni, kafin ka kai iyali. Araha ba ta ado.

Jidda doguwa ce, ta miƙe daga kudu zuwa arewa a gefen Bahar Maliya, kuma cunkoson safe a hanyar Madina da hanyar Haramaini ba ya raga wa kowa. Saboda haka daga wurin aikinka za ka fara auna nisa, ba daga inda abokai suke ba. In aikinka a tashar jiragen ruwa ne ko yankin masana'antu, ka duba kudu, wajen Sanabil, Ajawid da Amir Fawwaz. In wajen filin jirgi ne, ga Marwa, Safa, Bawadi da Rabwa, ko Hamdaniyya can gaba. Tsakiyar gari akwai Aziziyya, Mushrifa, Faisaliyya da Sharafiyya, gine-ginen sun ɗan tsufa amma komai na kusa. Duk abin da ya matsa kusa da teku, irin su Shaɗi da Hamra da Rauda, kuɗinsa na manya ne. In ba ka da mota tukuna, ka fifita inda uwargida za ta taka da ƙafa ta isa kanti da kemis da asibitin unguwa. Mace da aka raba da danginta aka kawo ta ƙasar da ba ta jin yaren, aka rufe ta a hawa na huɗu a unguwar da ba ta san kowa ba, kai kana wurin aiki tun safe har dare, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ga auren da ya girgiza a kan haka. In akwai gida biyu ko uku na mutanenmu da za ta riƙa shiga, ya cancanci ka ƙara ɗan kuɗi ko ka ƙara minti goma a hanya.

Ruwan sama ba ya yawa a nan, amma in ya zo yana zuwa da ƙarfi. Ambaliyar 25 ga Nuwamba 2009 ta kashe mutum fiye da 100, ta fi yin ɓarna a Guwaiza da unguwannin gabas da babbar hanya, inda kwaruruka ke gangarowa daga duwatsu. An gina madatsai da magudanai bayan nan, duk da haka ruwan Nuwamban 2022 ya sake cika tituna. Kada ka kama hawan ƙasa a titin da ya yi kwari. Ka dubi gindin bangon ginin daga waje, ruwa yana barin shaidarsa.

Zuwa da kai ya fi saƙo, kuma zuwa ɗaya ba ya isa. Ka je da rana tsaka ka ji yadda bango ke ɗaukar zafi, musamman in hawan ƙarshe ne ko mulhak, ƙarin ginin da ke kan rufi. Ka sake komawa bayan isha'i ka ga wurin ajiye mota da irin hayaniyar titin. Ka buɗe kowane famfo, ka ja ruwan banɗaki, ka shinshina ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ka ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Sabon fenti a kusurwa ɗaya tak alama ce. Ka samu haris ka gaishe shi da kyau, shi ne ya san cikin ginin fiye da dillali. Tambaye shi sau nawa ruwan kamfani ke zuwa, ko tankin ƙasa na ƙarewa har sai an kira wayit, wato tankar ruwa, kuma in an kira wa ke biya. Tambaye shi ko kowace shigga da mitarta, domin mita ɗaya tsakanin maƙwabta biyu rigima ce da ba ta ƙarewa. In za ka iya, yi sallar magariba a masallacin layin ka ga fuskokin da za ka zauna da su. Ka tabbatar ginin na iyalai ne, domin a nan ana raba ginin awa'il da na uzzab, wato marasa iyali. Wani abu da ke ruɗa sababbin zuwa: in aka ce ɗaki uku, da majalisin baƙi ake lissafawa, ɗakin kwana biyu ne ke nan.

Game da dillali, doka ta canza sosai tun 2023. Ba kowa ke dillancin gida ba sai mai lasisin Fal daga hukumar kula da harkar gidaje, kuma tallan da ke manhajoji irin su Aqar yana ɗauke da lambar izini. La'adarsa, wadda suke kira sa'ayi, kashi biyu da rabi ne na hayar shekarar farko, sai in an rubuta wani abu daban. In haya 24,000 ce, la'ada 600 ke nan, kuma sau ɗaya ake biya, ba duk shekara ba. Kafin alƙalami, wato arbun, ba ya wuce kashi 5. Kada ka ba da shi sai ka shiga gidan da ƙafarka, kuma a rubuta maka takarda. Akwai 'yan damfara da ke ɗauko hoton shigga mai kyau su sa a shafin talla na Haraj ko WhatsApp da rabin farashi, su ce mutane sun yi layi, ka turo wani abu a riƙe maka. Da ka tura, lambar ta mutu. Haka kuma duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da ta shigo wayarka, ko ka danna amincewa a Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mutum, don a kammala maka haya, kashe wayar. In wanda ke ba da hayar ba shi ne mai sak ba, a ga wakalarsa.

Ranar da saƙon Ejar ya shigo, kada ka danna saboda dillali na tsaye a kanka. Ka samu mai jin Larabci sosai ku bi ta layi-layi: ranar farawa da ta ƙarewa, jimlar kuɗi, ranakun biya, wa ke da alhakin ruwa, wa ke gyaran babban abu irin su yoyon bango da bututu. Lambar shiggar da hawan su dace da wadda ka gani. Kuɗin ajiya na ta'amin a rubuta shi a ciki, tsarin yana riƙe shi har ranar tashi. Akwai fom na karɓa da miƙawa, ka cike shi da gaske, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da lambar mita kafin ka shigar da ko tabarma, domin da wannan za a yi maka lissafi in ka tashi fita. Ka mayar da asusun wuta sunanka bayan ka tabbatar babu bashin wanda ya tashi, sannan ka yi rajistar adireshin ƙasa, banki da sauran hukumomi za su nema. Ka kuma sa ranar ƙarewa a wayarka: bisa ƙa'idar da ta fito a Satumban 2025, yarjejeniya tana sabunta kanta in ba wanda ya sanar da ɗaya kwana 60 kafin wa'adi. Za ka ji ana cewa an hana ƙarin haya na shekara biyar. Da Riyad aka fara wannan, kada ka ɗauka ya rufe ka a Jidda ba tare da ka bincika ba.

Akwai magana ɗaya mai nauyi da ba zan tsallake ba. Da zarar an ji kana da gida a Jidda, baƙi za su zo, kuma karɓar baƙon Allah abin alfaharinmu ne. Wanda ya zo Umara da bizarsa a raye, ka shimfiɗa masa. Amma wanda bizarsa ta ƙare ya zauna, ajiye shi laifi ne da ke iya kai tara har riyal 100,000 da ɗauri har wata shida, baƙo kuma a kore shi daga ƙasar. Sunanka ne a kan gidan. Ka gaya wa uwargida wannan tun kafin ta taso, domin sau da yawa ta wurinta roƙon ke shigowa, kuma ita ce za a bari da jin kunya.

Wataƙila wani zai ce ka zauna a Makka ka riƙa zuwa aiki, tunda akwai jama'armu da yawa a can. In ka karkata can, ka kula da hayar da ake kira ta zuwa Hajji, wadda ta yi yawa a Aziziyyar Makka da kewaye: farashi mai sauƙi, amma da sharaɗin ka fita da kayanka kafin aikin Hajji a zuba alhazai. Mai yara biyu ba ya wannan.

Sayen gida kuwa, ƙofa ta buɗe fiye da da. An amince da sabuwar dokar mallakar gidaje ga waɗanda ba 'yan ƙasa ba a Yulin 2025, ta fara aiki a Janairun 2026, da yankunan da aka ware, Makka da Madina kuma da sharuɗɗansu na musamman. Akwai harajin cinikin gida kashi 5 da aka sa tun Oktoban 2020. Amma ra'ayina, mutumin da zamansa ke rataye da kwantiragin aiki, wata huɗu da zuwa, bai kai nan ba. Aikin na iya ƙarewa, igama ta bi shi. In Allah ya hore, fara da fili a gida. Abin da nake roƙonka da shi shi ne kada ka taɓa sayen gida da sunan wani ɗan ƙasa, ko amininka ne, ko surukinka. Iyayenmu da yawa sun yi haka a Makka da Jidda saboda doka ba ta ba su dama ba a lokacin. Amintaccen ya rasu, magada suka zo ba su san da wata magana ba, sak kuma sunan ubansu ne a kai. Wasu kuma takardar ciniki ta hannu suka saya a kan dutse, babu sak ko kaɗan, da rusau ya zo ba su da abin nunawa.

Kada ka yanka wa iyali tikiti sai mabuɗi na hannunka, an kunna mukayyif ko da na ɗaki ɗaya ne, an sa firiji da abin girki. In bizarsu ta matsa, ka kama shigga mafrusha ta wata ɗaya, mai kaya a ciki, ku sauka a nan ku ci gaba da nema tare, ita ma ta ga kicin ɗin da idonta kafin ka danna amincewa. In ka samu wadda ta kwanta maka, turo mini hoton yarjejeniyar ka rufe lambar igamarka, mu duba tare.